Bishop ɗin da Ya Ɓuya: Ikilisiyar Kartaj Bayan Tsananin Shekara ta 250



In ana labarin ikilisiyar farko, shahidai muka fi tunawa, waɗanda aka jefa wa namun daji da waɗanda aka sare wa kai ba su musunci Ubangiji ba. Gaskiya ne an yi su. Amma akwai shekarar da jama'ar wata babbar ikilisiya a nan nahiyarmu ta Afirka suka tafi da ƙafarsu suka yi layi don yi wa gumaka hadaya, bishop ɗinsu kuma yana ɓoye. Da ƙura ta lafa aka dawo wurin sujada, kowa ya san abin da na kusa da shi ya aikata. Kartaj ke nan, babban birnin Afirka ta Arewa a zamanin mulkin Roma, wanda kufansa yake gefen Tunis a ƙasar Tunisiya ta yau.

Sarki Disiyus ya hau mulkin Roma a shekara ta 249, daular tana fama da yaƙi a kan iyakokinta. A ganinsa alloli ne suka yi fushi, maganin abin kuwa kowa ya koma ya girmama su. Sai ya kafa doka: duk mazaunin daular, namiji da mace, ya je gaban wani kwamiti a garinsu, ya yi hadaya, ya ɗanɗana namanta, sa'an nan a ba shi takardar shaida da sa hannun jami'ai. Fiye da 40 daga cikin irin waɗannan takardu sun tsira a busasshiyar ƙasar Masar, ɗauke da kwanan watan Yuni da Yuli na 250, masana suna karanta su har yau. Dokar ba Kirista kaɗai ta shafa ba, amma su ta ƙuntata wa, tunda maƙwabcinsu mai bautar gumaka ba ya ganin wani abu a ciki. Fabiyan, bishop na Roma, ya mutu a hannun hukuma ranar 20 ga Janairu, 250. Na Antakiya da na Urushalima su ma a kurkuku suka ƙare.

A Kartaj, bishop ɗin garin, Sifiriyan, shi da kansa ya rubuta cewa mafi yawan 'yan'uwa sun faɗi. Da yawa ba a kama su ba, ba a ɗaga musu bulala ba. Sun yi ta tururuwa har yamma ta yi, jami'ai suka ce a dawo gobe, su kuma suna roƙo a gama da su yau. Iyaye suka je da jarirai a hannu. Da yake neman dalili, a cikin ɗan littafinsa game da waɗanda suka faɗi, bai fara da sarki ba. Ya ce an daɗe cikin salama, kowa ya shiga tara dukiya, har bishop-bishop da yawa sun bar garkensu suna yawon kasuwanni a wasu larduna, suna ba da bashi da ruwa, 'yan'uwa kuma suna kwana da yunwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Faɗuwar ma ba iri ɗaya ba ce. Akwai waɗanda suka yi hadayar da hannunsu. Akwai kuma masu dabara, waɗanda suka ba jami'i kuɗi ya rubuta musu takarda ba tare da sun taɓa bagaden ba. A ɗaya gefen akwai waɗanda suka tsaya, aka ɗaure su, aka gana musu azaba, wasu suka mutu da yunwa a kurkuku. Waɗanda suka rayu daga cikinsu ana kiransu masu shaida, jama'a kuwa suna ganin girmansu fiye da na kowane mai muƙami. Sa'an nan ga waɗanda suka gudu suka bar gida da dukiya. A cikin rukunin nan na ƙarshe bishop yake.

Sifiriyan mai arziki ne, gwanin magana, malamin iya jawabi, kuma ya girma kafin ya tuba, wajen shekara ta 246. Ya sayar da dukiya mai yawa ya raba wa matalauta. Cikin shekara biyu zuwa uku jama'a suka matsa aka naɗa shi bishop, dattawan ikilisiya guda biyar kuwa ba su yarda ba, kuma ba su manta ba. Da tsanani ya taso, taron gari ya riƙa ihu a jefa shi wa zaki, hukuma ta sanar da ƙwace kadarorinsa, shi kuma ya fita ya ɓuya sama da shekara guda. Hujjarsa ita ce zamansa a gari zai ƙara jawo wa jama'a wuta. Mai yiwuwa haka ne. Amma ku ɗauki matar da mijinta ya mutu a kurkuku, ku gaya mata wannan hujja. 'Yan'uwanmu na arewa maso gabas da suka koma garuruwansu bayan gudun hijira sun san irin kallon da ke tsakanin wanda ya tsaya da wanda ya tsere, ko da ba wanda ya buɗe baki.

Shugabannin ikilisiyar Roma, waɗanda nasu bishop ya mutu a bakin aiki, suka aiko wa ma'aikatan Kartaj wasiƙa, suna kwatanta makiyayi na ƙwarai da wanda aka ɗauka kiwo don kuɗi. Ba su fito fili ba, amma kowa ya gane inda aka dosa. Abin da Sifiriyan ya yi ya cancanci a lura da shi. Da farko ya mayar musu da wasiƙar, wai su duba ko rubutunsu ne. Daga baya ya tattara kwafen wasiƙu 13 da ya rubuta daga maɓoyarsa ya aika musu: ga umarnin da ya bayar kan ziyarar fursunoni, ga abin da ya ce a yi wa gwauraye da marasa lafiya, ga kuɗin da ya aika daga aljihunsa. Bai ce su yarda da shi don shi bishop ne ba. Ya shimfiɗa aikin a gabansu su duba. Mutanen Roma suka duba, suka sauko.

Na gida ne ba su sauko ba. Waɗanda suka faɗi, da tsoro ya sake su, sai kunya da fargabar hukuncin Allah suka kama su. Suna so su koma ga Jibin Ubangiji, kuma yanzu suke so. Tunda bishop ba ya nan, suka nufi kurkuku. Akwai tsohuwar al'ada cewa wanda yake shan wuya saboda sunan Almasihu zai iya roƙa wa mai zunubi sassauci a wurin bishop. Al'adar nan ta zama kasuwa. Masu shaida suka riƙa rubuta 'yan takardu babu adadi, wasu ma ba sa ambaton suna, sai su ce a karɓi wane da mutanen gidansa, kowa kuwa ya san yadda gida ke faɗaɗa in ana rabon alheri. Wani mai suna Lusiyan ya rubuta takarda da sunan dukan masu shaida, yana sanar da bishop cewa sun ba waɗanda suka faɗi salama a dunƙule. Wasu dattawan ikilisiya suka fara ba mutane Jibi a kan waɗannan takardu, ba tuba a fili, ba ɗora hannu.

Kada mu yi saurin zagin Lusiyan. Mutumin ya sha azaba, ya ga abokansa sun mutu a gefensa, tausayi ne ya motsa shi. Amma ku duba abin da ya haifar: takarda ta jefa mutane cikin zunubi, takarda kuma za ta fid da su, mai hanya ya samu, marar hanya ya rasa. Wanda ya rasa gidansa don ya ƙi hadaya zai ga maƙwabcin da ya ci naman gunki ya riga shi zuwa teburin Ubangiji.

Sifiriyan yana cikin tsaka mai wuya, don mai gudu ba shi da bakin tsawata wa mai tabon bulala. Sai ya kafa doka ta wucin gadi: wanda yake bakin mutuwa kuma yana da takardar mai shaida, a karɓe shi, kada ya tafi ba salama, sauran su jira har a samu zaman lafiya, a taru da bishop-bishop da dattawa da jama'ar da suka tsaya, a yanke abu ɗaya don kowa. Ya tuna musu cewa tun ranar da ya hau kujera ya ƙudura ba zai yanke komai shi kaɗai ba, sai da shawarar dattawa da yardar jama'a. Ya kuma yi wata hikima: ya jawo wasu masu shaida cikin ma'aikatan ikilisiya. Ɗaya daga cikinsu Numidikus ne, wanda aka jefe shi, aka ƙone rabin jikinsa, aka bar shi a kan ya mutu, matarsa kuwa ta mutu a wurin. 'Yarsa ce ta zo neman gawarsa ta tarar da sauran numfashi. Shi aka sa cikin dattawan Kartaj.

Sai maganar kuɗi ta shigo, kamar yadda ta saba. Bishop ya naɗa kwamiti, har da Numidikus a ciki, su bincika bukatun 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, su raba taimako, su ba masu sana'ar da suka karye ɗan jari. Wani mai suna Filisisimus ya tashi ya ce duk wanda ya karɓi taimako daga hannunsu ba shi ba zumunta da ɓangarensa. Dattawan nan biyar suka mara masa baya. Sifiriyan ya zarge shi da cin kuɗin amana da wasu laifuffuka, amma mu tuna bakin Sifiriyan muke ji, wasiƙunsa ne suka iso gare mu. Abin da yake a fili shi ne, wanda ke riƙe da jakar taimako a lokacin yunwa shi ke riƙe da jama'a, ɓangarorin biyu kuma sun san haka.

Bayan Ista na 251 ya dawo gari, bishop-bishop na Afirka suka yi majalisa a Kartaj. Suka raba laifin. Masu sayen takarda, a binciki kowannensu a karɓe shi. Waɗanda suka yi hadaya, su shiga dogon horo, amma in mutuwa ta zo a ba su salama. Wanda ya ƙi tuba yana da lafiya, sai ciwo ya kama shi ya zo da kuka, ba a karɓe shi ba. An kuma yarda a duba yanayin kowa, domin wanda ya ruga da kansa ba daidai yake da wanda ya jure azaba har jikinsa ya gaza ba, haka ma wanda ya yi hadaya shi kaɗai don ya kāre matarsa da 'ya'yansa. Ma'aikacin ikilisiya da ya faɗi za a iya gafarta masa ya zauna cikin jama'a, amma kujerarsa ta tafi. A ganinmu nan ne majalisar ta fi nuna hankali. Ta bambanta gafara da amana. Mu kan haɗa su a yau, sai ka ga an ɗaga wa mutum horo ranar Lahadi, kafin wata ya ƙare an mayar masa da littafin baiko.

Karɓar kuwa a gaban jama'a ake yi. Mai tuba ya furta laifinsa, jama'a su faɗi ra'ayinsu, bishop da dattawa su ɗora masa hannu. Sifiriyan ya rubuta wa bishop na Roma cewa sau da yawa sai ya yi ta lallashin jama'a kafin su yarda a karɓi wasu, har ya amsa cewa mutum ɗaya ko biyu da ya karɓa a kan ƙin jama'a sun koma sun fi dā lalacewa. Da wani bishop mai suna Terafiyus ya yi gaggawar karɓar wani tsohon dattijo, horonsa bai cika ba, jama'a ma ba su sani ba, majalisar bishop-bishop 66 ta tsawata masa, ko da yake ba ta janye salamar da aka riga aka bayar ba.

A Roma ta wata fuskar wutar ta kama. Bayan sama da shekara ba bishop, aka zaɓi Karniliyas a watan Maris na 251. Wani dattijo masani mai suna Nobatiyan ya ce ikilisiya ba ta da ikon karɓar wanda ya yi ridda ko kaɗan, ya sa aka naɗa shi bishop na hamayya. Abin dariya a nan, wani Nobatus, ɗan Kartaj daga ɓangaren masu cewa a karɓi kowa, ya haye teku ya haɗa kai da mai cewa kada a karɓi kowa. Ƙin shugaba ne ya haɗa su. Sifiriyan bai amince da Karniliyas nan take ba, sai da ya aika bishop biyu suka je suka binciko yadda zaɓen ya gudana. Karniliyas ya ji haushin jinkirin. Kafin shekara ta 252 ta ƙare, Kartaj kanta tana da mutum uku masu amsa sunan bishop: Sifiriyan a tsakiya, ɗaya na masu sassauci, ɗaya na masu tsanantawa.

Disiyus ya mutu a yaƙi da Gotawa a tsakiyar 251. A zamanin magajinsa Gallus aka ga alamar wani tsananin yana tafe, sai bishop-bishop fiye da 40 suka sake taruwa suka sassauta dokarsu: duk wanda ya tsaya cikin horo tun daga farko ba tare da ya kauce ba, a karɓe shi yanzu. Dalilinsu shi ne, ba za a ce mutum ya zubar da jininsa domin Almasihu ba alhali an hana shi ƙoƙon Almasihu. Abokan hamayya za su iya cewa an dawo kan maganarsu. Amma akwai bambanci. Waɗannan mutane an ga tubarsu, kuma majalisa ce ta canza dokar a fili, ta rubuta dalilinta ta aika Roma.

Sai annoba ta shigo, wadda masana tarihi suke kira da sunan Sifiriyan har yau saboda yadda ya bayyana alamunta. Fontiyus, dikon ɗinsa wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya ce mutane suna fitar da 'yan'uwansu waje, gawawwaki a kan tituna. A wannan karon bishop yana gari. Ya tara jama'a ya ce su yi jinyar kowa, har da waɗanda ba masu bi ba, wato mutanen da shekara biyu baya suke ihu a jefa shi wa zaki. Mai kuɗi ya ba da kuɗi, marar kuɗi ya ba da ƙarfinsa. A cikin shekarun nan ne kuma mahara suka kwashe Kirista a Numidiya, yankin da yake cikin Aljeriya a yau. Ikilisiyar Kartaj ta tara sastas 100,000, kuɗin Roma na lokacin, don fansarsu. Da Sifiriyan ya aika kuɗin, ya haɗa da jerin sunayen waɗanda suka bayar. Ya ce don a riƙa tunawa da su cikin addu'a ne. Ko ma mene ne nufinsa, ikilisiyar da aka yi rikicin jakar kuɗi a cikinta ta aika gudummawa da lissafi a rubuce.

Kada mu ɗauka zargin ya mutu. Wajen shekara ta 254 wani mai suna Fufiyanus, wanda shi ma ya sha wuya a tsananin, ya rubuto yana shakkar ko Sifiriyan ya cancanci kujerar. Amsar da ya samu cike take da gatse da zafi. Wannan ne raunin mutumin: yana saurin ɗaukar mai jayayya da shi a matsayin mai jayayya da Allah. Duk da haka, da ikilisiyoyi biyu na ƙasar Sifen suka kawo ƙarar bishop-bishop ɗinsu biyu da suka faɗi a tsananin suna neman komawa kujera, majalisar Kartaj ta ce jama'a suna da ikon ƙin shugaban da bai cancanta ba, kuma a riƙa zaɓen bishop a gaban mutanen da suka san zamansa ciki da waje.

A shekara ta 257 sarki Baleriyan ya sake kunna wutar, wannan karon shugabanni ya nufa. Ranar 30 ga Agusta aka gurfanar da Sifiriyan, aka nemi sunayen dattawansa ya ƙi bayarwa, aka kore shi zuwa Kurubis, wani gari a bakin teku. Bayan shekara aka dawo da shi. Manyan mutane, abokansa na dā, suka zo suka yi masa tayin wurin ɓuya, ya ƙi. Sau ɗaya ya ɗan kauce, da ya ji za a kai shi Utika a yi masa shari'a a can, kuma ya rubuta wa jama'a dalili: a garinsa, a gaban garkensa, ya kamata bishop ya ba da shaida. Ranar 14 ga Satumba, 258, gwamna Galeriyus Maksimus ya yanke masa hukuncin takobi. Ya gode wa Allah. Jama'a da yawa suka bi shi har filin, wasu suna cewa a sare su tare da shi. Ya tuɓe mayafinsa, ya ce a ba mai sara zinariya 25, ya ɗaure idanunsa da kansa. Da dare suka ɗauki gawarsa da fitilu suka binne.

Bayan shekara biyu sarki Galiyenus ya dakatar da tsananin, ya mayar wa ikilisiyoyi wuraren sujadarsu. Mabiyan Nobatiyan ba su dawo ba. A shekara ta 325 majalisar Nisiya tana nan tana tsara sharuɗɗan karɓar limamansu, ɗaya daga ciki kuwa su yarda su yi zumunta da waɗanda suka faɗi suka tuba. A Kartaj ma, bayan tsananin Diyokiletiyan na 303, rikicin ya sake tashi a kan shugabannin da aka zarga da miƙa Littattafai Masu Tsarki ga hukuma, ikilisiyar Afirka ta rabu biyu sama da shekara ɗari. Ɓangaren Donatus da ɓangaren Agustin, kowannensu yana cewa Sifiriyan nasa ne, kowannensu kuma yana bikin tunawa da ranar mutuwarsa.